Tambaya da Amsa: Me ke Sa Bidiyo Cijewa Idan an Jona Kwamfuta da Talabijin?

Wasiƙun da suka taru mana a wannan fitowa kusan duk kuka ɗaya suke yi: an jona kwamfuta da talabijin don a ji daɗin kallo a babban allo, sai bidiyo ya ƙi tafiya sumul. Roƙonmu ga masu karatu shi ne, kafin a saya sabon kebul, a tsaya a zura ido a ga irin cijewar tukuna. Ba iri ɗaya ba ce, kuma kowace tana da alamar da ke nuna inda ta fito.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Laftof ɗina tana nuna bidiyo lafiya lau a allonta, amma da na jona ta da talabijin ta HDMI sai hoto ya riƙa tsaitsayawa, har kibiyar linzami ma sai ta yi nauyi. Talabijin ɗin sabuwa ce mai 4K. Na canza kebul har sau biyu, jiya-i-yau.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Maganar nauyin linzamin nan ita ta tona asirin matsalar. Idan kibiya ma tana jan ƙafa, to ba fayil ɗin bidiyon ke da laifi ba, allon ne gaba ɗaya ke sabunta hoto a hankali. Allo yana sake zana hotonsa sau da dama a kowane sakan, ana auna wannan da Hz. Allon laftof yawanci 60 yake yi. Muna kyautata zaton talabijin ɗinka a kan 30 ta tsaya.

Ga yadda abin ke faruwa. Hoton 4K ɗigo 3840 ne a kwance, 2160 a tsaye, wato sama da ɗigo miliyan 8, ninki huɗu na 1080p. Da ka jona kebul, talabijin za ta shaida wa kwamfuta cewa ita mai 4K ce, Windows kuma ya zaɓi hakan ba tare da ya tambaye ka ba. To amma laftof da yawa, musamman tsofaffi da masu sauƙin kuɗi, ramin HDMI ɗinsu na zubin 1.4 ne, wanda iyakar abin da yake ɗauka gigabit 10.2 ne a sakan. Wannan ya isa 4K, amma sau 30 kacal. Sai zubin 2.0 da ya fito a 2013, mai gigabit 18, shi ke kai 4K sau 60 da cikakken launi. Idan bidiyon mai hotuna 60 ne a sakan, kamar wasan ƙwallo, rabin hotunan zubar da su ake yi.

Ka danna maɓallin dama na linzami a fili kan allo, ka shiga Display settings. Latsa Identify don ka ga lambar da aka bai wa talabijin, ka zaɓe ta, ka gangara zuwa Advanced display. A nan za ka ga adadin Hz. In ka ga 30 ko 29, ka buɗe jerin; in akwai 60, zaɓe shi, magana ta ƙare. In babu, wurare uku za ka bincika. Na farko ita kanta talabijin ɗin: da yawa suna zuwa ne da ramukan HDMI a takure, sai ka shiga saiti ka sake su. A Samsung sunan abin Input Signal Plus, ko HDMI UHD Color a tsofaffi; a LG, HDMI Ultra HD Deep Colour; a Sony, Enhanced format. Ka kunna shi ga ramin da kebul ɗinka yake ciki, domin kowane rami da nasa. Ka kuma haska bayan talabijin ka karanta ƙananan rubutun da ke gefen ramukan, a wasu ba duka ne ke karɓar 4K sau 60 ba. Na biyu adafta, idan ta USB-C kake fita: masu araha da yawa an rubuta 4K a kwalinsu da manyan baƙaƙe, 30Hz kuma da ƙanana. Na uku ramin laftof ɗin, shi kuwa ba a canza shi.

Idan laftof ɗin ce ba ta kai ba, ka sauko zuwa 1920 × 1080 a kan 60. Kada ka ji kamar ka yi asara. A ganinmu 1080p mai tafiya sumul ya fi 4K mai ɗingishi nesa ba kusa ba, kuma talabijin za ta buɗa hoton ya cika allo da kyau. Sai dai akwai wani tarko a nan: wani lokaci Windows yakan rage girman hoton a cikin kwamfuta kawai, amma ya ci gaba da tura siginar 4K mai 30. Ka duba layin Active signal a wannan shafi na Advanced display. In har yanzu 3840 yake nunawa, shiga Display adapter properties, latsa List All Modes, ka zaɓi 1920 by 1080 mai 60 Hertz daga can.

Abu na ƙarshe, danna maɓallin Windows tare da P. In kana kan Duplicate, wato hoto ɗaya a allo biyu, to kwamfuta na ƙoƙarin bin agogo biyu ne waɗanda bugunsu bai zo daidai ba, kuma sau da yawa talabijin ce ke kwana a ciki. Zaɓi Second screen only lokacin kallo. Wannan kaɗai yana warkar da kwamfutoci masu yawa.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Kwamfutata mai ƙarfi ce, kuma na tabbatar tana kan 60Hz. Bidiyo ba ya tsayawa, murya ba ta yankewa, amma duk sanda kyamara ta juya a hankali, ko sunaye suke hawa sama a ƙarshen fim, sai in ga hoton yana ɗan karkarwa. Mutanen gida sun ce ba sa ganin komai. Ko idona ne?

Amsa: Malama, idonki lafiyarsa ƙalau, ya ma fi na sauran kaifi. Abin da kike gani lissafi ne ya ƙi rabuwa daidai.

Bidiyo jerin hotuna ne tsayayyu da ake wucewa da su da sauri. Finafinan silima hotuna 24 suke ɗauke da su a sakan. Allonki kuma yana sabuntawa sau 60. Raba 60 gida 24, za ki samu biyu da rabi, ga shi ba a nuna rabin hoto. Sai kwamfuta ta yi dabara: hoto na farko ta nuna shi sau uku, na biyu sau biyu, na uku sau uku, haka har fim ya ƙare. Ma'ana wani hoton yana zama a allo milisakan 50, mai bi masa milisakan 33. Idan mutane na zaune suna hira ba za ki lura ba. Amma ki sa ido kan sandar fitilar titi ko gefen ƙofa lokacin da kyamara ke zagayawa: maimakon ta zame a hankali, sai ki ga tana taku dogo, taku gajere, kamar mai ɗingishi. Shirye-shiryen da aka ɗauka bisa tsarin talabijin na Turai da mafi yawan Afirka da Asiya hotuna 25 ne ko 50, su ma ba sa shiga 60 daidai.

Maganin shi ne a daidaita bugun allo da na bidiyon. Buɗe fim ɗin a manhajar kallon bidiyo ta VLC, danna Ctrl da J, ki duba layin Frame rate. In 25 ne ko 50, koma Advanced display ki sa talabijin a 50Hz. In 30 ne ko 60, ko 'yan'uwansu 29.97 da 59.94, bar ta a 60 ko 59.94. In 24 ne cif, zaɓi 24. In kuwa 23.976 ne, wanda shi ya fi yawa a finafinai, ki nemi 23.98, ko abin da tsohon Windows ke rubutawa 23 kawai. Wannan ɗan bambanci ba wasa ba ne: in kika kunna fim mai 23.976 a kan 24 cif, duk bayan kamar sakan 42 sai an maimaita hoto ɗaya, ki ga wata 'yar tuntuɓe guda, sannan komai ya koma daidai. Duk wanda cijewarsa ke zuwa a kan ƙa'ida kamar bugun agogo, nan ya kamata ya fara dubawa.

Linzami zai yi nauyi a kan 24, wannan ba matsala ba ce, in kin gama kallo ki mayar 60. In canjin ya gundure ki, manhajar Kodi, wadda kyauta ce, tana yi da kanta: a Settings, Player, Videos, akwai Adjust display refresh rate, ki sa shi On start/stop.

Gaskiya biyu da ya kamata ki sani. Wasu talabijin masu allon 60 suna karɓar siginar 24, amma a ciki su koma wa uku-biyun nan. Masu allon 120 su ne ke nuna kowane hoto sau biyar daidai wa daida. Sannan ko an daidaita komai, hotuna 24 a sakan ba su da yawa, juyin kyamara mai sauri zai ɗan nuna tsalle, haka aka ɗauko shi. Talabijin na da abin da ke ƙirƙiro hotuna a tsakani don cike gurbin: TruMotion a LG, Motionflow a Sony, Picture Clarity a Samsung, ko Auto Motion Plus a tsofaffi. Shawararmu, ko ki kashe shi, ko ki sa shi a mataki mafi ƙasa. In aka ƙure shi fim yakan koma kamar wanda aka ɗauka da waya, gefen abubuwa masu gudu ya riƙa yagewa, kuma idan siginar da ke shigowa ba ta daidaita ba shi kansa yana haddasa cijewa.

Tambaya: Ranka ya daɗe, wasu finafinan da na sauke suna tafiya lafiya, wasu kuma murya na tafiya hoto ya sandare, can sai ya yi tsalle ya kamo ta. Wani lokaci allo ya dame ya koma toka-toka. Fankar laftof kuma ta riƙa kuka.

Amsa: Tare da naka, Malam. Tunda wasu na tafiya wasu na ƙi a kan kebul ɗaya da talabijin ɗaya, ka wanke su biyun daga zargi. Matsalar tana wajen warware bidiyon.

Kowane fayil na bidiyo a matse yake, sai kwamfuta ta warware shi hoto bayan hoto kafin ta nuna. Salon matsewar iri-iri ne: H.264 shi ne tsoho wanda kusan kowace na'ura ta sani, H.265, da ake kira HEVC, ya fi matsewa amma ya fi wuyar warwarewa. Sai VP9 da AV1. A cikin sashen hoto na kwamfuta akwai wani ɗan yanki da aka gina musamman don wannan aiki. In ya san salon fayil ɗin, aikin ba ya ko sa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, gumi. In bai sani ba, sai a jibga wa furosesa, ita kuma in ta gaza sai ta riƙa zubar da hotuna don ta kamo murya. Ka duba sunayen fayilolin da ke ba ka wahala, muna da yaƙinin za ka ga x265, HEVC, 10bit ko 2160p a jikinsu.

Don ka tabbatar, kunna fim ɗin, danna Ctrl da Shift da Esc, shiga Performance. In CPU, wato furosesa, ta haura 90 cikin 100, sannan a shafin GPU, wato sashen hoto, akwatin Video Decode yana kwance a sifili, ka kama ɓarawon. Je ka VLC, Tools, Preferences, Input/Codecs, ka sa Hardware-accelerated decoding a Automatic, ka adana, ka rufe manhajar ka sake buɗewa. Ka kuma sabunta direban hoto, wato manhajar da ke tafiyar da sashen hoto, daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, ko na Intel, AMD ko Nvidia.

In Video Decode bai motsa ba duk da haka, kwamfutar ce ba ta san salon ba. A furosesar Intel, lambar da ke bayan ɗan layi ita ke nuna zubi: i5-6200U na shida ne, i5-7200U na bakwai. Na shida yana warware HEVC na yau da kullum, amma cikakken HEVC mai 10bit sai daga na bakwai. AV1 kuwa sai zubi na 11 na laftof, irin su i5-1135G7, ko katin Nvidia jerin RTX 30 zuwa sama. Babu saitin da zai koya wa tsohuwar na'ura abin da ba a gina mata ba. Mafita uku ce: ka nemi fim ɗin a 1080p mai H.264, ko ka juya shi da manhajar HandBrake, ka zaɓi Fast 1080p30, ka bar shi ya kwana yana aiki, ko ka zuba shi a filash ka soka a ramin USB na talabijin, domin mafi yawan masu 4K suna warware HEVC da kansu. In fayil ɗin ya wuce gigabait 4, filash mai tsarin FAT32 ba zai karɓa ba, sai exFAT ko NTFS, gwargwadon wanda talabijin ɗinka ke karantawa.

Tambaya: Malam, mai shago ya ce in sayi kebul mai bakin zinare, wai shi ke hana cijewa. Gaskiya ne?

Amsa: A'a. Siginar HDMI lambobi ce, ko ta isa ko ba ta isa ba. Kebul ba ya rage wa bidiyo gudu. In ya gaza, alamarsa daban ce: fararen ɗige-ɗige masu ƙyalli a kan hoto, ko allo ya yi baƙi ƙirin na sakan ɗaya ko biyu ya dawo, ko murya ta riƙa ɗaukewa tare da hoton. In ka ga waɗannan, to canza shi. Abin dubawa shi ne ajinsa, ba launin bakinsa ba: High Speed ya isa 1080p, Premium High Speed don 4K sau 60, Ultra High Speed don 4K sau 120. Gajere ya fi aminci, mita 2 ko 3. In nisan ya kai mita 10 kuma 4K kake so, nemi mai ƙarfafa sigina a ciki ko na zaren gilashi, ka kuma lura irin waɗannan suna da gaba da baya: kan da aka rubuta Source shi ke shiga kwamfuta.

Tambaya: Salam. Ni a YouTube ne kawai abin ke damuna, kuma ba na amfani da kebul, ta iska nake tura allon laftof zuwa talabijin.

Amsa: Wa alaikas salam. Abubuwa biyu ne suka haɗe maka, sai mu raba su. Fara kallon bidiyon a allon laftof kaɗai. Danna maɓallin dama a kan bidiyon, zaɓi Stats for nerds. Layi biyu za ka sa wa ido. In Buffer Health, wato bidiyon da aka riga aka jawo aka tanada, yana zubewa zuwa sifili, ga ɗan da'irar nan tana juyawa, intanet ne bai isa ba: 1080p na son kamar megabit 5 a sakan wanda ba ya yankewa, 4K kamar 20. Latsa alamar saiti a ƙasan bidiyon ka zaɓi 1080p ko 720p da hannunka. In kuwa Buffer Health a cike yake amma adadin dropped yana ta hawa, kwamfutar ce ke zubar da hotuna. A Chrome shiga Settings, System, ka kunna Use graphics acceleration when available, ka sake buɗe burauzar. Ka leƙa layin Codecs: av01 ko vp09 a tsohuwar laftof nauyi ne babba, rage girman hoton yana sauƙaƙa mata.

In a laftof lafiya yake, sai a talabijin yake cijewa, turawar ce. Tura allo ta iska aiki ne ninki biyu: kwamfuta ta warware bidiyon, ta sake matse duk abin da ke allonta nan take, ta aika ta Wi-Fi, ga shi kuma ta wannan Wi-Fi ɗin take jawo bidiyon daga intanet. A zangon 2.4GHz, inda rautocin maƙwabta da na'urorin Bluetooth ke cunkushe, da wuya a tsira. Ka mayar da laftof da talabijin kan 5GHz, ka matso da rauta ɗaki ɗaya da su. Abin da ya fi duka, in talabijin ɗin tana da manhajar YouTube, danna alamar Cast da ke jikin bidiyon, ba ta tura allo ba. Ta haka talabijin ce za ta jawo bidiyon da kanta, laftof ta zama rimot kawai.

Tambaya: Malam, nawa yana farawa lafiya, sai an yi minti 20 ko 30 ya fara cijewa. In na kashe na bar ta ta huta sai ya gyaru.

Amsa: Zafi ne, ɗan'uwa. Furosesa in ta doshi digiri 95 zuwa 100 takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Mai jona laftof da talabijin yakan ajiye ta a kan kafet, katifa ko kujera mai laushi, ya kuma rufe murfin, alhali ta ƙasa take shaƙar iska, wasu ma har ta tsakanin maɓallai. Ɗora ta a kan tebur, ka ɗaga bayanta da kamar santimita 2, ka bar murfin a buɗe. Kai hannu bakin ramin da iska ke fita: in fanka na ihu amma iskar da ke taɓa tafinka ba ta da ƙarfi, ƙura ce ta toshe. In aka buɗe, za a tarar da ita ta dunƙule kamar auduga tsakanin fanka da siraran ƙarafan da ke bakin ramin. A kashe kwamfutar, a cire caja, a riƙe fankar da yatsa kada ta juya, a share da burushi mai laushi. In laftof ta shekara huɗu ko biyar ba a taɓa buɗe ta ba, a sa mai gyara ya canza man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta.

Ka kuma riƙa kallo da caja a jone. A kan batir Windows yana rage ƙarfi, musamman in cajin ya sauka zuwa kashi 20 ko 30, inda tsarin tattalin batir ke kunna kansa. A Settings, System, Power, sa Power mode a Balanced ko Best performance.

Tambaya: Malam, hoto ya daidaita, Allah ya saka da alheri, amma yanzu murya na riga baki.

Amsa: Amin, tare da ke. Talabijin na ɗaukar ɗan lokaci tana gyara hoto kafin ta nuna, in kuma murya ta sifikar laftof ko wata sifika daban take fita, sai ta riga shi isowa. Latsa alamar lasifika a ƙasan allo ki zaɓi talabijin a matsayin mafitar murya, don su bi hanya ɗaya. In dole sai da sifikar waje, sa talabijin a Game Mode, yana rage jinkirin sosai. Ragowar ki gyara a VLC: maɓallin K yana jinkirta murya da milisakan 50 a kowane danni, J kuma yana gaggauta ta. Ki nemi wurin da aka rufe ƙofa ko aka tafa hannu a fim ɗin, ki riƙa dannawa har ƙarar ta faɗo daidai da motsin. In sifikar Bluetooth ce, murya ce za ta makara, J za ki danna, sau uku ko huɗu yawanci.